Sassaƙen da Inna ke kawo mini

Inna, mahaifiyata, ta haifi goma sha ɗaya, mu biyar muka rayu. Ni kuwa da na gama makarantar horon malamai na kama koyarwa a wata firamare a Bodinga, na haifi uku, muka yi shawara da maigidana na je asibiti aka sa mini ashanar tazarar haihuwa a dantse. Aji mai yara fiye da kujeru da goyo a baya sun ishi mutum.

Ban gaya wa Inna ba. Ina da baki a gaban ɗalibai, amma a gabanta ni matsoraciya ce.

Da autana ya shekara huɗu ba labari, sai ta yanke cewa wani ciwo ne ya kama ni. Duk wata sai ta shigo mota daga Dandin Mahe da ƙullin albasa da galan na jiƙon sassaƙe. Ɗaci kamar maɗaci. Haka zan rufe ido in shanye a gabanta, har da godiya. Shekara biyu ina wannan aikin banza.

Wata Alhamis cikin zafin bazara ta iso leɓɓanta a bushe. Na kawo mata fura, ta ture kwaryar.

"Azumi nike," in ji ta. "Litinin da Alhamis, har Allah Ya kwance miki wanga abu."

Kunya ta rufe ni, na ji haushin kaina ƙwarai. Tsohuwa tana ƙishirwa saboda ƙaryata. Na janye hannun rigata, na kama yatsanta na ɗora a kan ashanar, na faɗa mata komai.

Ta daɗe tana latsa wurin. Na jira faɗa, bai zo ba.

"Mu ba mu san nawa za a bar muna ba, shi ya sa ba mu tsaya ba," ta ce. "Ke kin tabbata ukun ga za su tsaya miki?"

"Duk an yi musu rigakafi, Inna. Sauran kuma na Allah ne."

Ta dubi yaran suna rigima kan ƙwallo a tsakar gida. Na sake tura mata furar, na ce tunda ba ciwo, ai ta huta.

"Ɗauke abinki," ta ce. "Yanzu ma nike da dalilin azumin. Uku kaɗai gare ki."