Kawu Mai Rula da Layukan da Na'ura ta Ƙi

Kawu kan riga kowa shiga ɗakin kwamfutoci na hukumar jarrabawa. Ya rataye hula a ƙusa, ya buga shafin farko na fayil ɗin da na'urar maki ta turo, ya ɗora masa rular katako. Shi ya sa muke ce masa Mai Rula. A irin wannan fayil babu waƙafi, babu shinge: kowane ɗalibi layi ɗaya ne, sunan ɗalibi da iyakar gurbinsa, lamba da nata, maki da nasa. Sai Kawu ya auna ya gamsu yake zuba su cikin rumbun bayanai. Mu dai gani muke ɓata lokaci ne, kuma mun sha faɗa masa.

Layin da ya kauce, rumbun tofar da shi yake. Yawancinmu ba ma waiwayarsa. Kawu kuwa tara su yake, yana bi ɗaɗɗaya.

Wata shekara wani tela ya zo da 'yarsa. Sakamakon kowa ya fito ban da nata, ga makarantar jinya za ta rufe ɗaukar ɗalibai a makon. Aka ce su dawo baɗi. Masinja ne ya kai wa Kawu labarin. Ya duba tarinsa, sai ga ta: sunanta ya yi tsawo, ya ture lamba, lamba ta ture maki. Ya gyara ya zuba, ya ci gaba da aikinsa. Ashe yarinyar ta ci.

Bayan sati biyu tela ya dawo da riga ɗinkin hannunsa, yana neman wanda ya taimaka. Aka nuna masa ofishin shugaban sashe. Ranar da shugaban ya sako ta, Kawu ya ɗago ya duba.

"Ranka ya daɗe, ta zauna maka," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, mu ne abin ya yi wa ciwo.

Kawu, ƙarshen watan nan za ka yi ritaya. Kai ne mai bin sawun waɗanda na'ura ta zubar, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu gadar kujerarsa, ku riƙa buɗe layukan nan, kowanne ɗan wani ne. Yarinyar tana aikin jinya yanzu, kuma har yau shugaban sashe take yi wa addu'a.