Tabar da Yaya Ya Ajiye Kamar Goro

Sau ɗaya na taɓa shan taba a rayuwata, kuma da yayana na sha ta, a bayan gidan hayar da muke zaune a Anka. Har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci.

Ba irin sigarin da ake sayarwa kara-kara a kan tebur ba ce. Ƙatuwa ce, kaurinta ya kai babban yatsa, ganye ne zalla aka naɗe, baƙi-baƙi mai maiƙo, da ɗan zoben takarda a wuyanta. Siga ake ce mata. Wani baƙo mai sayen zinari ne ya ba Yaya ita, lokacin da ƙauyenmu na can bayan Sunke ya koma wurin niƙan dutsen zinari. Ya ce masa tabar manya ce, sai ranar farin ciki ake kunna ta, kuma kada a bari ta bushe.

To, ka ce wa ɗan goro kada abu ya bushe! Goro ne sana'ar Yaya kafin zinari ya ja shi. Sai ya naɗe tabar cikin ganyen da ake ƙunsa goro, ya rufa da tsumma mai damshi, ya sa a gwangwani. Duk Juma'a kafin masallaci ya kwance ta, ya juya, ya goge, ya yayyafa wa tsumman ruwa da yatsu. Na sha yi masa tsiya, ina cewa ko matarsa ba ta samun wannan tarairaya. Bai taɓa kula ni ba.

Ranar farin cikin ta ƙi zuwa. Gubar dalma da ke cikin ƙurar dutsen ta ɗauki yara da yawa, har da 'yar Yaya ta fari. Bayan wasu shekaru 'yan bindiga suka tashe mu, Yaya da iyalinsa da Inna suka zo suka same ni a Anka, inda nake koyarwa a firamare. A ranar da suka sauka ya ajiye gwangwanin a kan taga ya ce, a gaban Inna, "Wagga taba ba ni kunna ta sai ran da munka koma gida."

Inna ta tsani taba kamar me, amma wannan ta riƙe ta da muhimmanci. Duk Juma'a tana zaune a bakin ƙofa tana kallon ɗanta yana yayyafin ruwansa, kuma a wurinta muddin yana yi, to komawa gida na nan. Ita ma tana da nata ajiyar: irin gero da ta fito da shi a ɗan buhu, na gonar mahaifinmu. Kowace damina takan shuka kaɗan a gindin katanga don kada irin ya mutu, ta girbe ta mayar buhu. Ko yunwa ta kai ina, ba mai taɓa shi.

A farkon wata damina aka ce hanya ta ɗan yi sauƙi. Yaya ya hau babur da safe ya tafi duba ƙauyen. Ya dawo bayan la'asar, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ɗauki gwangwanin, ya yafito ni da hannu, muka zagaya bayan gida ƙarƙashin darbejiya.

Da na ga ya fiddo ashana, sai na riƙe hannunsa.

"Yaya, mi kaka yi? Ba mu koma ba."

"Na tahi, Auta. Na gani." Ya ce an cire kwanon rufi, rumbunan sun zube, gonar ta zama daji. Sai ya shiga kwance ganyen. "Na biɗi kabarin yarinyar nan. Haki ya rufe ko'ina, ciyawa har ƙugu. Ban gane shi ba."

Na yi fushi, ban san ma da wa ba. Na ce ya mayar da ita, ya tuna da Inna, ai ana iya sake rufi, ana iya sare daji. Surutu dai irin na malamin makaranta wanda bai je ya gani ba. Ya bar ni na gama, ya ƙyasta ashana.

Abin ban haushi, tabar ma ƙin kamawa ta yi. Ya zuƙa har kumatunsa suka lotsa, ba hayaƙi, don gefen da ake sawa a baki a rufe yake, ba mu sani ba. Sai da ya fiddo 'yar wuƙarsa ta goro ya yanke kan. Ashana ta kusa ƙarewa kafin ta kama, hayaƙi fari mai kauri ya tashi a hankali, ga wani ƙamshi mai nauyi kamar cikin tsohon rumbu bayan ruwan farko.

Ya ja sau biyu, ya miƙo mini. A gidanmu ƙane ko goro ba ya ci a gaban yayansa sai an ce ya ci, balle taba. Na noƙe. Ya ce, "Amshi. Gidan namu ne mu biyu."

Na karɓa. Daga baya ne wani ya gaya mini cewa irin wannan ba a haɗiye hayaƙinta, a baki ake juya shi a fesar. Mu ina muka sani? Yadda muka ga direbobi na yi da sigari a tasha, haka na yi, na ja shi har ƙirji. Da farko yaji na ji, kamar barkono ya bi ta hanci. Sai ɗaci, sai wani ɗan zaƙi can ƙasa-ƙasa da ya sa na gane dalilin da ya sa masu kuɗi ke son ta. Sai tari ya sarƙe ni, hawaye na zuba. Muka yi ta miƙa wa juna. Kafin ta kai rabi gumi mai sanyi ya karyo mini, kunnuwana suka toshe, darbejiyar ta fara juyawa, yawu ya cika bakina. Na rarrafa gefe na yi amai. Yaya ya jingina da katanga, fuskarsa ta yi fari fat, shaƙuwa na ta girgiza shi, amma ya ƙi yar da ita. Sai da ta ƙona masa yatsa ya murje guntun a ƙasa. Nasa hawayen ba na hayaƙi ba ne kaɗai, na kuwa yi kamar ban gani ba.

Muka wanke baki, muka tauna goro, muka kaɗe riguna, wai don kada Inna ta ji. Wauta ce. Warin ya kama gashinmu da fatarmu, ya riga mu shiga gida. Muka wuce ta gabanta tana tsintar wake a faifai. Ta ɗaga kai ta dube mu, ta dubi tagar da ba gwangwani, ta ci gaba da tsintarta. Da ta zage mu da na fi jin sauƙi.

Washegari da hantsi ina shirin fita makaranta, kaina na sara har lokacin, na ji ta kira matar Yaya. Ta jawo ɗan buhun nan daga ƙarƙashin gadonta, ta kwance bakinsa da kanta, ta juye irin duka a ƙwarya.

"Ungo," ta ce. "Daka muna hura. Yara sun kwan biyu ba su sha ta geron gida ba."

Ina tsaye da littattafai a hannu har na ji taɓarya ta sauka a turmi.