Kujerar da Ta Ɓuya Bayan Hoton Baba Hamadu

Cikin duk ranakun da na yi a shagon nan namu na unguwar Poumpoumré a Garoua, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da wata mata ta bugo waya daga garin Meiganga tana tambayar ko Baba Hamadu na sayarwa ne. Ku da kuka zo aiki daga baya kun sha jin ana tsokanata da "Sanusi mai firam". To yau ga asalin sunan daga bakin mai shi.

A lokacin aikina buga takardu ne da gyaran hoto. Malam Buba mai shagon, wanda duk muke kira patron, shi ke karɓar aiki ya raba mana. Karatuna bai yi nisa ba. Haɗa shafin intanet a wani gidan intanet na koya, wurin wani mutum da shi ma iliminsa ya kwana biyu. Amma da ɗan abin da na iya, ji nake duk Garoua babu kamata.

Wajen ƙarshen zafi sai ga Baba Hamadu ya shigo da sandarsa. Shi ne shugaban wata ƙungiyar makafi masu saƙa kujeru, irin na ƙarfe da ake yi wa saƙar igiyar roba. Ya ce suna son shafi, don mutanen nesa su ga aikinsu su yarda ƙungiya ce ta gaske. Patron ya ba ni aikin, ni kuwa na ce da firam zan yi shi.

Ga waɗanda ba su san firam ba, wata tsohuwar hanya ce ta yanka fuskar shafi gida-gida, kowane gida kuma shafi ne mai zaman kansa. Na sama ya tsaya cak, na gefe ya tsaya, na tsakiya kaɗai ke canzawa in ka danna abu. Tana da daɗinta, don in ka gyara gidan gefe sau ɗaya ka gama. Amma ni ba wannan ne ya ja ni ba. Ladabi ne. A wurinmu ko kalanda za a buga, ko ƙyallen taro, hoton shugaba ne a sama. Na lura a shafi na yau da kullum, in mutum ya ja ƙasa, hoton sama sai ya haye ya ɓace. Na ce a raina, haba, a tura dattijo waje da ɗan yatsa? Sai na yi wa Baba gida na musamman a sama, babba, da babbar rigarsa da hularsa, inda babu mai motsa shi.

Da patron ya leƙo ya gani, sai ya ce, "Sanusi, ai an daina wannan tun kafin gemunka ya fito. Ka gwada a waya?"

Na ce, "Na gwada, patron."

Ban gwada ba, Allah Ya yafe mini. A babban allon shago abin ya yi kyau, ni kuwa ban so a taɓa mini shi.

Ana nan sai wata mata mai suna Madam Marta ta nemi ƙungiyar. Ta gina masauki a Meiganga don direbobi da fataken shanu, tana son kujerun baranda da na ɗakin cin abinci gaba ɗaya. Damina ta matso, lokacin da cinikin kujera ke mutuwa, wannan aikin kuwa zai riƙe su har ruwa ya ɗauke. Sai dai wani mai kujerun roba yana ta yi mata naci, ta ce in mako ya ƙare ba ta ga abin da ya kwanta mata ba, nasa za ta ɗauka. An ba ta labarin wata kujera mai dogon baya, saƙar kore da fari, aikin hannun Inna Dudu, tsohuwar da ta fi kowa hannu da baki a ƙungiyar. Ni na buɗe kujerar a kwamfuta, na kwafi adireshin, na tura mata.

Washegari aka aiko in zo. Na same su a ƙarƙashin darbejiyar da suke aiki, Baba ya sa wayar a fili kowa na ji.

Madam Marta tana cewa, "Baba, na ce a turo min kujera mai dogon baya. Na buɗe, sai ga wani alhaji da babbar riga ya cika min waya. Na ja sama, na ja ƙasa, alhajin bai motsa ba. In shi kuke sayarwa ku faɗa min, amma ban san ko zai ɗauki direban tirela ba."

Wurin ya kwashe da dariya. Wani har igiyar da ke hannunsa ta kuɓuce.

Baba ya ce, "Wane alhaji kuma?"

Inna Dudu ta ce, "Kai mana! Ashe Sanusi talla ya kai ka. Shi ya sa kwanan nan ake cewa kana ta gyara zaman hula."

Na ce da sauri bari in ɗauki hoton kujerar in tura mata kai tsaye. Madam ta ce, "A'a, ɗana. Hoto kowa na iya turowa. An taɓa turo min hoton gado aka kawo min benci. A shafinku nake son gani, da tsawo da faɗi, in nuna wa maigidana."

Nan na gane abin da ya faru. A shafi mai firam, duk inda ka shiga adireshin da ke sama ba ya canzawa. Wato ni na ga kujera na kwafa, amma abin da na tura ƙofar gida ce kawai. A ƙaramin allon waya kuwa, gidan Baba ya cinye komai, sauran suka matse a wani ɗan siririn wuri a ƙasa.

Da aka kashe waya, Baba ya ce in ba shi adireshin. Wayarsa tana magana, tana karanta masa duk abin da yatsansa ya taɓa, da Faransanci. Ya shafa allon, muryar ta ce, "Cadre," wato firam. Ya sake shafawa, "Cadre." Ya sake, haka. Ban sa wa ko ɗaya suna ba, kuma ban rubuta bayanin hoto ko guda ba. Ya yi ta lalube, ya faɗa wannan gida ya kasa fita, ya fita ya kasa komawa.

Ya ajiye wayar yana murmushi, ya ce, "Ɗana, ka gina mana ɗakuna masu kyau, ka manta ƙofa. Ni mai gidan ma a waje nake."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi ma, da na fi samun sauƙi. Na ce, "Baba, don girmamawa na yi."

Ya ce, "Na sani, Allah Ya yi maka albarka. Amma ni ban taɓa ganin fuskar nan ba, kuma ba ta taɓa saƙa kujera ba. Hannu ke yi. Sauke ni ka ɗora kujera."

Na koma shago na faɗa wa patron gaskiya, har da ƙaryar gwaji. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "To zauna, mu rushe." Ya nuna mini yadda ake yi. Shafi guda, ba yanka. Kowace kujera da nata shafin da nata adireshin. Kanun magana a jere, don wayar makaho ta riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan. Kowane hoto kuma da bayaninsa a rubuce, wanda murya za ta karanta.

Da safe Baba da Inna Dudu suka zo shagon a kan babura biyu, aka kawo musu shayi. Duk abin da na gyara, sai Baba ya saurara a wayarsa ya ce ya yi ko bai yi ba. Da muka zo bayanin hotuna, na rubuta "kujera mai kyau". Inna ta ce, "Kai, goge! Akwai wanda ke cewa tasa mummuna ce? Rubuta: bayanta ya kai wuyan dogon mutum. Rubuta: igiyar ba ta cizon cinya in an yi zufa. Rubuta: ƙato ya zauna, ba ta ce uffan ba."

Patron ya ce, "Inna, wannan na ƙarshen ai ba a sa shi."

Ta ce, "Direbobi za su zauna, patron. Sa shi."

Muka sa. Da wayar Baba ta karanto Hausar da lafazin Faransanci, masu jiran a buga musu takardu ma sai da suka riƙe ciki. Hoton Baba ya koma ƙarami, a shafin da ke ba da labarin ƙungiya. Na tambaye shi bayanin da zan sa masa, Inna ta riga shi, "Tsoho mai son shayi." Ya ce a bar shi haka, gaskiya ce.

Kafin azahar na sake turawa, bayan na gwada a wayata, da ta patron, da ta mai shayi. Muka zauna jira. Sai wayar Baba ta yi ƙara.

"Baba, na ga kujera! Maigidana ya karanta zancen ƙaton nan, ya ce wanda ya rubuta haka ba ya ƙarya. Ku fara saƙa."

Inna Dudu ta rangaɗa guɗa a cikin shago. Baba ya laluba ya kamo hannuna yana ta cewa, "Useko, useko," godiyar Fulani.

Suka yi daminar nan cur suna aiki. Ranar da Madam Marta ta zo da mota ɗaukar kaya, ina wurin. Ba wanda ya nuna mata kowa. Ta ratsa mutane ta nufi Baba kai tsaye, ta rusuna ta ce, "Sannu Alhaji, ai mun saba."

Baba ya ce, "Lale, Madam. Amma wannan alhajin ba ya cikin kayan."

Tun daga nan ban sake yin shafi da firam ba, kuma ban ba kowa a cikinku shawarar ya yi ba, komai daɗin da ya yi a babban allo. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, mai buɗe shafinmu ba a kujerarmu yake zaune ba. Wani a ƙaramar waya yake, wani da kunne yake karatu, wani adireshi aka turo masa daga nesa. Shi ya sa kuke ganin kafin in miƙa aiki nakan kunna muryar waya in rufe ido in lalubo hanya. In na ɓata, aiki bai gama ba. Na so in girmama Baba da ɗora shi a sama inda ba mai taɓa shi. Shi kuwa abin da yake so kawai shi ne ya shiga gidansa da kansa.