Baƙon Kan Jirgi a Hanyar Ƙaura

A shekarar farin nan na zamanin soja, da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ina yarinya a wani ƙauye kusa da Hawandawaki. Babanmu ya bi maza zuwa kudu neman abin da za a ci, aka bar mu da innarmu da Kaka Tabawa, mahaifiyar baba. Abincin dare bai wuce kunu mai ruwa-ruwa ba, shi kuwa kunu ba ya raka yaro har barci. Saboda haka da an yi isha'i sai Kaka ta tattaro ƴan karare da saiwar sabara, ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta, ni da ƙannena da ƴaƴan maƙwabta.

Abu guda Kaka ta fi sauran tsofaffin garin da shi: ta zauna inda jirgin ƙasa yake. Mu ƙasarmu ba dogo, ko kamyo, babbar motar kaya, sai ran kasuwa muke jin kukansa. Mijinta, kakanmu Ilu, ya tafi cin rani tun yana saurayi, ya samu aikin reluwe a Ƙaura Namoda, inda dogo ya ƙare. Da zuba gawayi a wutar jirgi ya fara. Da aka kawo masu shan gazuwal, wanda Kaka take ce wa dizal irin na mutanen can, sai ya zama mataimakin direba. Ya rasu ina ƙarama, ita kuma ta dawo gida da ƙwaryarta da labarai.

In za ta ba mu na jirgi takan ce, “Wannan kada ku ce ta zo mu ji ta. Ba ta Gizo ba ce, ta kaina ta bi ta wuce.”

Sai ta fara da ka'idojin aikin, tana faɗa kamar ita ta kafa su. Kowane kan jirgi da gidansa, kamar doki da turkensa. Ma'aikata ma da iyakarsu: na Ƙaura su kai Zariya su sauka, su miƙa wa wasu, su kwana a barikin ma'aikata, gobe su komo da wani jirgin. Direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wata sandar ƙarfe, shaidar cewa hanya tasa ce shi kaɗai har tasha ta gaba. Kuma ko sama za ta faɗo, ba a tafiya a bar kan jirgi sai an sa shi hannun wani.

A yunwar da ta gabaci tamu, in ji ta, hatsin taimako ta teku yake zuwa, a loda a taragu har Ƙaura, daga nan kamyo su kwasa zuwa Maraɗi. Aiki ya yi wa kawunan jirgin arewa yawa, sai aka aro wani daga can bakin teku. Da ya iso Zariya aka rasa direban da ya san irinsa, dole mai shi, wani Bayerabe ƙaƙƙarfa mai suna Ojo, ya wuce da abinsa. Amma doka ta hana direba bin hanyar da bai sani ba sai da ɗan hanyar a gefensa, aka ba shi kakanmu. Ojo ya san ƙarfensa, Ilu ya san kowace kwana da kowane gangare. Hausar Ojo ba ta wuce sannu da ina kwana ba, sauran magana da hannu suke yi.

Sun wuce Gusau da rana tsaka, zafi kamar a gasa gurasa, sai wata robar ruwa ta fashe a cikin injin. Kan jirgin da ya saba da iskar teku ya zubar da ruwansa a kan dogo, ya tsaya cikin daji. Gadi, mai kula da taragun baya, ya ɗauki jan ƙyalle ya kama hanyar tasha da ƙafa. Ojo ya ɗaure robar da waya, amma ba ruwa, ba tashi.

Nan Kaka takan sassauta murya. Ashe a gindin wasu itatuwa akwai ayarin mutane, masu gudun yunwa, mata da yara da maza, ƙafafu duk faso. Suka taso sannu-sannu suka kewaye jirgin. Hatsi ba ya ɓuya ga mai jin yunwa, ko ta ƙofar ƙarfe yana jin ƙanshinsa. Wani saurayi ya matsa jikin tarago da gatari a hannu. Ojo ya kama rigar kakanmu yana girgiza kai, wai kada ya sauka.

Shi kuwa Ilu tun daga sama ya ji harshensu, ya san mutanen gida ne. Ya sauka ya yi sallama, ya tambayi daga ina. Suka ce daga ƙasar Mayahi. Wani dattijo a cikinsu har ya san garinmu, ya taɓa cin kasuwa da mahaifin Ilu. Kakanmu bai ɓoye musu komi ba. Ya ce hatsi ne, ƙasarsu za shi, kuma in suka fasa ba shi da ƙarfin hana su, sai dai labari zai kai, a daina turo jirgi ta wannan hanyar.

Saurayin ya ce ɗansa yau yake kuka, ba gobe ba. Sai dattijon ya dube shi ya ce, “Mu da muke da ƙafa mun taho. Waɗanda muka baro a ɗaka, makafi da guragu da masu jego, wannan nasu ne. Aje gatarin, ɗana.”

Bai aje ba, amma ya ja da baya.

Ojo bai ji ko kalma ɗaya ba, ido kawai ya ba shi labari. Ya sauko da akwatin guzurinsa, wanda matarsa ta shirya masa na zuwa da komowa: garin rogo, sukari, busasshen kifi. Kakanmu ya kwance nasa ƙunshin, dambu da ƙuli-ƙulin da Kaka ta ɗaure masa. Aka jiƙa gari aka bi yara da shi, loma-loma. Bai ishi kowa ba, manya ko ɗanɗanawa ba su yi ba. Saurayin nan ya karɓi rabon ɗansa, ya juya wa jirgin baya ya zauna.

Mata ne suka tambayi abin da ya tsayar da jirgin. Da aka ce ƙishirwa, wata ta yi dariya, ta ce ashe shi ma baƙo ne. Sun san wani rami a cikin busasshen gulbi inda suka sha da safe. Suka jera da ƙorai da tuluna, a yasa rairayi a jira ruwa ya tsattsafo, a ɗauko a miƙa wa Ojo. Kaka takan ce ya sha kamar raƙumin da ya fito Agadas. Wajen la'asar gadi ya komo da izinin ci gaba da tafiya, injin ya yi tari, ya kama ruri. Jirgi ya yi arewa, mutane suka ɗauki kayansu suka yi kudu.

Ojo ya yi kwanaki a gidan su Kaka yana jiran a gyara robar sosai. Tuwo da miyar kuka suka gagare shi sai da ta riƙa zuba masa barkono kamar mai fushi da shi. Kullum da safe ya je ya goge kan jirginsa da tsumma. Kaka kuwa, Mama yake ce mata. Ran da zai tafi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, daga nan ba su ƙara jin ɗuriyarsa ba.

“To, ba zan ce muku ƙurunƙus kan ɓera ba,” in ji Kaka, “don ba ƙarya ciki. Ku tashi ku kwanta.”

Wani dare na tambaye ta ko babanmu zai gamu da irin su Ojo. Ta tura kara cikin wuta, ta ce Allah bai yi hanyar da ba mutane a kanta ba. Baba ya dawo da faɗuwar ruwa, a rame, da ɗan abin shuka.

Muna yara, shan ruwan jirgin ne daɗin labarin, mu yi ta kwaikwayon tarin injin har a kore mu. Sai da na yi aure na haihu, Kaka ta daɗe da rasuwa, muna hira da innarmu ta ce ai a waccan yunwar ni take goyo, nono ya ƙafe, ta kwanta ba ta iya tashi. Hatsin da kamyo ya kawo Tasawa, baba ya ɗauko a ka, shi ya tashe ta.

Ba zan ce na jirgin Ojo ne ba, jirage da yawa sun bi hanyar. Amma tun ranar, in na tuna masu jegon da dattijon nan ya ambata, innarmu nake gani kwance a ɗaka, ni a gefenta. Ban san sunan kowa a ayarin ba, ban san ko sun kai inda suka nufa ba. In na idar da salla ina sa su a addu'a gaba ɗaya, nakan kuma ware saurayin mai gatari, in roƙi Allah ya sa ɗansa ya rayu.