Adda Yelwa da Tukunyarta a Bakin Iyaka

Duk mai jegon da ta bi ta hannun Adda Yelwa a Azare ba ta manta ta. Wankan jego ne sana'arta. Ta tafasa ruwa a ƙatuwar tukunyarta ta dalma, ta tsoma ganyen darbejiya ta dinga tsula wa mace, ana ihu tana cewa, "Yi kukanki, gobe kya gode." Baki gare ta kamar reza, maza ma kaffa-kaffa suke yi da ita. Amma duk kaifin bakin nan akwai abin da bai taɓa furtawa ba, wato sunan 'yarta ta fari. Kunya ce irin ta mutanen da. Tun ranar suna "waccan" take ce mata, in ma wata mai sunan ta zo wanka sai ta zama "takwarar waccan".

Waccan ɗin tana aure a Dungas ta ƙasar Nijar, gidan Bunu, bafataken da ya daɗe yana kawo wa Adda kanwar kunu. Ciki ya tsufa, ana shirin ta zo gida goyon ciki kamar kowace mai haihuwar fari, sai sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai. Manyan ƙasashen maƙwabta suka fusata, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta. Masu ƙarfi suna ratsawa ta daji a kan babur, ita kuwa ƙafafunta sun kumbura, ko tsakar gida da ƙyar take takawa.

Najmuddeen, autan Adda mai aiki a sakatariya, ya zauna yi mata bayani. "Inna, takunkumi ne. Matakin ƙasashe ne, sai an yi haƙuri."

"Takunkumi a bakin amalen raƙumi na san shi," in ji ta. "Wanda ya rufe iyakar, shi zai dafa mata ruwa? Matan garin nan kaf na gasa, sai tawa ce za ta haihu a hannun baƙi? Wallahi ba a yi gwamnatin ba!"

Da safe ta ɗaure tukunya, ta cusa daddawa da kayan yaji a ciki, ta hau motar Haɗeja. Daga can Gumel, daga Gumel Maigatari. A bakin iyaka manyan motoci sun yi jerin gwano, kaya na ruɓewa, direbobi sun baje a ƙarƙashi sun zuba tagumi. Adda ta ratsa su ta nufi shingen kai tsaye.

Wani jami'i ya tare ta. "Mama, ina zuwa? An rufe."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. 'Yata ce za ta haihu."

Ya yi murmushin gajiya. "Tun safe kowa 'yarsa ce za ta haihu. Koma gida."

Gida? Ta sauke tukunya a gindin shingen, ta jera duwatsu uku, ta hau tsintar ƙirare. Ta ce tunda an hana ta can, to a nan za ta dafa ruwan, shi ya kai. Direbobi suka taso suna dariya suna zuga ta. Da jami'in ya ga da gaske ashana take nema, ya karɓi wayarta ya kira Bunu, ya koma gefe suka yi magana, sannan ya dawo.

"Ya gaya mini sunan matarsa. Ke ma faɗa. In sun zo ɗaya, kin yi gaskiya."

Bakin da ya gagari Azare ya mutu. Ta dubi ƙasa, ta gyara mayafi, ta ce, "Ai... waccan ce."

"Kun ji ko?" Ya juya wajen direbobi. "Uwa ba ta san sunan 'yarta ba."

Maganar ta soke ta har zuciya. Ba ta sani ba? Ita da ta yi naƙudarta? Wani dattijo a cikin direbobin ya ce, "Yallaɓai, 'yar fari ce, ba sa faɗa." Jami'in ya ɗaga kafaɗa ya miƙa mata wayarta.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Adda ta miƙe tsaye, ta dube shi ido cikin ido.

"Juwairiyya," ta ce ƙasa-ƙasa. Sai kuma da ƙarfi, har na bayan layi suka ji: "Juwairiyya sunanta! Ka ƙoshi?"

Hawayen takaici suka zubo mata, ba ta share ba. Jami'in ya juya baya, ya shiga duba tayar wata mota da ba abin da ya same ta. Dattijon ya ɗora mata tukunya a ka, ta wuce.

A hanya abu ɗaya ke cin ta: baƙo mai kaki ya ji sunan nan a bakinta, mai sunan ba ta taɓa ji ba. Ai kuwa ba za ta bar wa gwamnati wannan ba. Da ta isa ƙofar gidan Bunu ta yi sallama, ta ɗaga murya ta kira, "Juwairiyya!"

'Yar tana zaune kan tabarma a tsakar gida, ƙafafu a miƙe, tana ta waige-waige. Ta san muryar, ta san sunan, ba ta dai taɓa jin su tare ba.