Turmin Inna Hajo da sabon mikroskop

Jama'a, yau na ga injin da ke rawa da kiɗan turmi!

Kun san sabon mikroskop ɗin labonmu na gwajin jinin dabbobi, wanda moter ke tura farantinsa. Tun da safe nake gaban ordinater, wato kwamfuta, ina daidaita moter ɗin. Na sa mashi iyakar tahiyarsa, na rage gudu, ya zauna daram.

Sai ga Malam Agali daga Korahane da jinin raƙumansa, biyu sun kwanta. Ina aza gilashin jinin bisa farantin, hoto ya kama tsalle. Moter na son gyarawa, yana ƙara kaucewa. Na rage ƙarhi, na ƙara, na kashe na kunna, duk a banza.

Malam Agali ya ce, "Likita, shi ma injin ba ya da lahiya ne?"

Zuhwa ta karyo mani. Can idona ya kai ga kofin shayina bisa tabur, shi ma yana rawa, dum, dum-dum. Na hita da gudu na zagaya baya. Ashe mata ne ke lugude gidan maƙwabciyarmu Inna Hajo, turmi jingine da bangonmu.

Na ce, "Inna, don Allah ku ja turmin ga, injina na rawa."

Ta ce, "Ɗan nan, gobe sunan jikata. Murna yake taya mu."

Suka ja turmi gindin iccen bedi. Hoto ya tsaya cak, na ga cutar, Malam Agali ya tahi da magani.

Yanzun nan Inna ta aiko da hura ƙwarya biyu, wai ɗaya tawa, ɗaya ta mai rawa.