Tsutsa Mai Goyon 'Ya'yan Zanzaro

A bayan benen da nake zaune a unguwar Highbridge, nan ƙasar Turawa, akwai wani fili da mutanen unguwa suka mayar lambu, kowa da ɗan kwaminsa. Nawa bai fi tabarma biyu ba, tumatir da yakuwa nake sawa. Wata safiya cikin zafin Agusta na tarar an cinye ganyen tumatir ɗina. Na duƙa ina dubawa, sai na gan ta: tsutsa koriya shar, kaurin babban yatsana, da ɗan ƙaho a gindi. Na ga tsutsotsi a yawona. A garin Bobo soya su ake yi, a Kinshasa na ci su a miya. Amma ban taɓa ganin mai goyo ba. Bayan wannan cike yake da wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, ita kuma ta yi lamo, ko motsi ba ta yi.

Ina tsugune a wurin, sai kakata Inna Delu ta faɗo mini a rai.

A Damagaram na tashi, a hannunta. Idan ɗari ya shigo, bayan lisha takan hura wuta a kasko a tsakar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye, muna turereniya kan wa zai zauna jikin ƙafarta. In za ta fara tatsuniya, takan tona garwashi da tsinke ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta shigo, Inna, akwai tabarma!" In wani ya fara gyangyaɗi ta ɗan taɓa shi da tsinken ta ce, "Kai, mai kan tulu, ba da kai ake ba?"

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ba ma dariya in ta ƙare. Wai Zanzaro gwanin gini ne, amma Allah bai ba shi haihuwa ba. Tsutsa kuwa 'ya'ya rututu, ba ko bukka, kullum tsuntsaye na tsince su. Sai Zanzaro ya je ya ce, "Maƙwabciya, ba ni ɗaya in riƙa miki. Ɗakina na ƙasa ne, ruwa ba ya zuba, tsuntsu ba ya shiga." Ta yi kuka, ta zaɓi wanda ta fi so ta ba shi. Ya sa yaron a ɗaki, ya liƙe ƙofa da laka, ya riƙa kewayawa yana ƙugi: "Zama ni, zama ni." Nan Inna takan toshe hanci ta yi muryar, tsigar jikinmu ta tashi. Da damina ta wuce uwa ta tafi ganin ɗanta. Ƙofa ta fashe, wani ya fito da siririn ƙugu da fukafukai. Ta ce, "Ɗana!" Ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Ya tashi sama.

Na taɓa tambayarta wa ke da laifi. Ta ce, "Zanzaro bai yi ƙarya ba. Ruwa bai taɓa yaron ba, tsuntsu bai ci shi ba. Ku tashi ku kwanta, baƙuwa ta naɗe tabarmarta."

Ina cikin wannan tunani jikata Hadiza ta sauko da butar ban-ruwa. 'Yar ɗana ce marigayi. Bayan rasuwarsa na roƙi uwarta Rabi, da ke can gida Damagaram, ta ba ni ita tana ƙarama, na ce nan akwai makaranta da asibiti. Yanzu ta fara zama budurwa. Tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa.

Na ce, "Amarya, zo ki ga wata mai goyo, ta fi ki himma."

Ta ce, "Grampa, na hana ka ce min amarya." Ta ɗauki hoton tsutsar da waya, ta yi ɗan dube-dube, sai ta yamutsa fuska. Ta bayyana mini cewa da an bar ta lafiya, wani ƙaton malam-buɗe-littafi mai yawon dare za ta zama. Fararen nan kuwa ba nata ba ne. Wani ƙaramin zanzaro ne ya zuba ƙwai a jikinta, 'ya'yansa suka cinye ta daga ciki, suka fito suka yi saƙa a bayanta. "Ba za ta zama komai ba," in ji ta. "Sun riga sun gama da ita."

Na zauna a kan bokiti. Ashe tsutsa ba ta rikiɗa ta zama zanzaro. Cinye ta ake yi.

Tun bara Rabi ke aiko saƙon murya, cikin ladabi irin na suruka: "Baba, ina roƙon arziki, a turo mini ita ko na hutu ɗaya ne, in ji ɗuminta." Ni kuma kullum da dalilina: jarrabawa, zazzaɓin can, nisan hanya. Gaskiyar ita ce ina tsoro kada ta tafi ta ƙi dawowa, gidan ya yi mini shiru. A sallar da ta wuce na miƙa wa Hadiza waya su gaisa, sai ta rufe bakin wayar da hannu ta raɗa mini, "Me zan ce wa matar nan?"

A nan cikin lambu na ba ta tatsuniyar Inna, da Hausa, har da toshe hanci. Ba ta yi dariya ba. Ta dubi tsutsar ta ce, "Uwar ta sake komawa?"

Inna ba ta taɓa gaya mana ba.

Da yamma na kira Rabi na ce ta sa ran ɗiyarta a hutun ƙarshen shekara. Ta yi ta godiya, ni kuwa godiyar ce ta fi yi mini ciwo. Ina yaro na ɗauka Inna gargaɗi take mana game da mugaye. Sai da furfura ta cika mini kai na lura ba mugu a tatsuniyar, mai ɗaki mai kyau ne kawai. Na cika alkawarina ga Rabi: ruwa bai taɓa yarinyar ba, tsuntsu bai ci ta ba. Abin da nake roƙon Allah yanzu shi ne, ranar da ƙofar jirgi ta buɗe, wadda za ta fito ta san wa ke nemanta.